Hajiya Rabi, mai wankin gidan Kumandan

Maƙwabciyar kakata ce ta kira ni daga Minguettes, unguwarsu a Lyon, ina bakin aiki a Paris. Ta ce, "Mariama, sai haƙuri, tsohuwa ta cika." Babban ɗanta, Kawu Isuhu, a bakina ya ji, don rabonsa da hawa benen da take zaune tun sallar bara.

Kakata Hajiya Rabi haifaffiyar Damagaram ce, zamanin Nasara. Tana da 'ya'ya uku Faransawa suka kwashi mijinta soja, zuwa yaƙin da bai san mafarinsa ba. Abin da ya dawo mata takarda ce da lambar ƙarfe. Da ta fita takaba manema suka zo, ta sallame su, ta shiga wanki da guga a gidan Kumandan, Baturen mulki. Da dutsen guga na gawayi ta ciyar da marayunta, ta sa Kawu lakwal, ya yi boko har ya zama mutum. Takan ce, "Dattin kayan wani na wanke, ban ɗauko shi gida ba."

Da Kawu ya kawo ta Faransa, sai ya ajiye ta Lyon, nesa da abokan kasuwancinsa na Paris. Faransancinta na 'yan aikin gidan Bature ne, kunya yake ba shi. Ita ko a jikinta. In ta ga rigata a yamutse sai ta karɓe, tana cewa, "Talauci ba shi hana guga, ɗiyata."

Ranar addu'ar bakwai a Belleville, nan cikin Paris, Kawu ya miƙe gaban Alhazai, shadda na ƙyalli, yana share idon da babu hawaye. Ya ce, "Mahaifiyarmu ɗiyar sarauta ce, hannunta bai taɓa sanin aiki ba." Ƙannensa na gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Raina ya ɓaci. Ni na yi mata wanka, ni da mata biyu, na ga tabon ƙuna tun daga yatsu har gwiwar hannu. Sun bar ta ita kaɗai tana raye, yanzu kuma za su binne guminta.

Daga ɓangaren mata na ɗaga murya. "Gafara dai, Kawu. Wanki ta yi. Da shi kuka ci."

Ya ce, "Mariama, ça suffit! Ya isa!"

Wani dattijo Bamaraɗe ya ɗago kai. "Alhaji, bar ta. Wagga uwa ai ta hi sarauniya." Ya ɗaga hannu ya ja Fatiha, kowa ya bi. Kawu ya zauna yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Allah Ya jiƙan Hajiya Rabi, Ya haskaka kabarinta, Ya wanke ta fes kamar yadda ta wanke na mutane, Ya sada ta da mijin da ta jira. Mu da ta bari, Allah Ya ba mu haƙuri. 'Ya'yanta kuwa, Allah Ya ba su kunya tun suna da sauran kwana.