Baba Tanimun da Azarar da Na Zubar

Da an idar da sallar asuba, Baba Tanimun ba ya komawa gida. Yakan ɗauki sandarsa ya bi lungunan Illela a hankali, idonsa a kan katangun mutane kamar mai zuwa dubiya. In ya ga tsaga sai ya tsaya, ya sa yatsa, ya murza ƙasar, sannan ya yi sallama ya gaya wa maigida abin da zai yi kafin ruwa ya sauka. Wasu su gode, wasu su ce tsoho ya cika shisshigi. Shi dai gobe ma zai biyo. Shekara hamsin da ɗoriya yana gini a garin nan da ƙauyukansa, sai bana gwiwa ta hana shi hawan tsani, ya ajiye aiki.

Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, bai san zanen takarda ba. Da sanda yake zana gida a ƙasa, da kamu da igiya yake awo. Amma kafin ya ja layi ɗaya sai ya yini a filin, ya ga inda rana take dukan wurin da azahar, ya tambayi matar gida inda take son murhu, ya tambayi maƙwabta ta ina ruwa yake bi da damina. Masallacin unguwarmu aikinsa ne, kuma tsofaffi suna shiga tun kafin kiran azahar don kawai su sha sanyin ciki. Yahuza mai awon hatsi ya ce min shagon da ya gina masa shekara talatin da suka wuce bai taɓa ɗigo a kan buhu ba. A Bazaga akwai zaurensa, a Alela akwai rumbunansa. Yana kuma da al'ada guda: duk rufin da ya ɗora, in bazara ta yi nisa sai ya zagayo ya hau, ya share indararo, ya toshe inda ya zaizaye, ko an kira shi ko ba a kira shi ba.

Wannan duk kowa ya sani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba kowa ya san shi ba, kuma ni ne mai laifi a ciki.

Shekara takwas da suka wuce aka dawo da ni gida daga Tawa, aka ba ni shugabancin wata lakwal. Abokan aiki suka zo taya ni murna, na kai su gaida Inna, mahaifiyata, a ɗakinta na laka wanda Baba Tanimun ya gina wa marigayi babana tun ba a haife ni ba. Babu wanda ya ce komai a kan ɗakin. Ni ne na ji kamar bangon yana zubar min da girma. Da sanyi ya shigo na kira leburori, na ce a rushe, zan yi mata na bulo da kwano.

Ranar da aka sa diga sai ga Baba Tanimun. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Sirajo, ɗakin ga ba shi da ciwo ko ɗaya. Mi yay yi maka?"

Na ce, "Baba, zamanin laka ya wuce. Uwar ma'aikaci ba ta kwana cikin ƙasa kamar gara."

Leburorin suka yi dariya. Har yau in na tuna sai in ji fuskata ta yi nauyi, don abokin ubana ne, kuma a gaban sa'o'in jikokinsa na faɗa. Sai cewa ya yi Allah ya sa albarka, ya juya. Azarar rufin, wato tsagin giginyar da suke riƙe da ƙasar sama, na sa aka watsar da su bayan gida. Washegari babu su, na ce a raina matan unguwa sun samu makamashi.

Sabon ɗaki ya fito fes, da shuɗin fenti da ƙofar ƙarfe. Inna ta yi ta sa min albarka a gaban baƙi, ni kuwa ina hura hanci.

Sai watan Afrilu ya zo. Wata rana na dawo gida da tsakar rana ɗaukar takardar da na manta, na leƙa ɗakin Inna don mu gaisa. Zafin da ya buge ni a bakin ƙofa kamar an buɗe tanda, kuma ba ta ciki. A ƙarƙashin rumbu na same ta, kwance a kan tabarma cikin kaji, da jiƙaƙƙen zane a ƙirji, numfashinta yana fita sama-sama. Matata Wasila ta ce wata guda ke nan a nan take yini, kuma Inna ce ta hana ta magana, ta ce, "Kada ki hwaɗa mai, yaron ya yi ƙoƙari."

Na kai ta asibiti. Majo, wato malamin asibitin, ya ce jininta ya hau, kuma in ta ci gaba da shan wannan zafi zuciyarta ba za ta jure ba. Na sayo fanka. In akwai wuta ta hura mata iska mai zafi, in an ɗauke ta tsaya tana kallonmu. Na san maganin, na san gidan mai maganin. Sau biyu ina kaiwa ƙofarsa a kan moto, wato babur, in wuce kamar hanya ce ta biyo da ni. Kwana tara na yi haka. Uwata tana kwance cikin kaji, ni kuma ina tunanin da wane ido zan dubi tsoho.

A rana ta goma ya yi sallama da kansa, lokacin zagayensa ya yi.

"Na zaka duba ruhi," in ji shi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ai yanzu babu rufinka a gidan nan."

"Na sani. Amma wadda munka yi ma shi tana nan."

Ya je gindin rumbu ya tsuguna, gwiwarsa tana ƙara, suka gaisa da Inna kamar a nan aka saba samunta. Daga nan ya tashi ya zaga tsakar gida, ya tsaya kusa da bishiyar dogon yaro, ya fara zane a ƙasa. Bai dube ni ba ya ce, "Gobe ka samo amalanke ka zo gidana ka kwashe itacenku."

A ƙarƙashin rumfarsa na same su, azarar nan duka, an jera su a kan duwatsu don kada gara ta taɓa. Ya ce, "Giginya ta ƙare ƙasar ga, ba a zubda irin wagga. Na san za a biɗe su."

Shi da mutum huɗu suka kwaɓa laka, suka buga tubali, rana ta busar. Cikin mako huɗu ɗaki ya tashi, bango mai kauri, da ƙananan tagogi biyu, ɗaya ƙasa ɗaya can sama don iska ta ratsa. Kwana biyar da ɗora rufi aka yi ruwan farko. Duk tsawon aikin bai tuna min da maganar gara ba ko sau ɗaya.

Da a nan kunyata ta tsaya da da sauƙi. Baƙi suka riƙa shiga ɗakin, suna kirana da laƙabin da ake kiran malamin lakwal, suna cewa, "Mushe, ka yi dabara." Ni kuma sai in yi murmushi in karɓa. Shekara takwas ban taɓa gyara musu ba, ban kuma taɓa buɗe baki na ce masa ya yafe min ba. Sai makon jiya, da na ji ya ajiye aiki, na je. Ina farawa ya tare ni: "Bar shi, Sirajo. Alheri kas so yi mata, tambaya ce ba ka yi ba."

Shi ya bar shi, ni ba zan iya ba. A gaban mutane na ci mutuncinsa, a gaban mutane ya kamata in nemi gafara. Tunda ba ya karatu, ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallacin da ya gina in karanta masa wannan da bakina.

Baba Tanimun, magini uban magina. Kai ne ka rufe mana kai, ka kuma rufa mana asiri. Kai ne aka wulakanta aikinka, ba ka yi fushi da gidan ba, ka dawo ka duba wadda take ciki. Ka yafe min. Allah ya saka maka, ya ba gwiwarka sauƙi.

Ku kuma masu shirin sa diga a ɗakin tsofaffinku, ku je ku tambaye shi tukuna. Maginan zamani ma su je su zauna gabansa tun yana iya zane da sanda, su koyi laka, su koyi komawa duba abin da suka gina.

Yanzu da nake rubuta wannan ƙarfe biyu na rana ne, watan Afrilu, kwanon ɗakina yana ƙara don zafi. Inna ta haura tamanin. Na leƙa ta ɗazu, tana ɗakinta tana barci, har da lulluɓa da mayafi.