Allura a Wuyan Riga

Daga Burumburum muka tashi da sassafe, ni da Baba da Yayana, zuwa wani tsohon gari ta wajen Bebeji da ya yi suna a ɗinkin babbar riga na hannu. Tun da damina Baba ya ba da aikin tasa rigar. Ni na nace sai an je da ni, don in ga garin. Lungunan ba sa ɗaukar mota, ga Baba da ciwon gwiwa, sai muka bar shi a mota a bakin kasuwa.

Maɗinkin dattijo ne, muka same shi a zaurensa da rigar a cinya. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ce wuya kaɗai ya rage, ba zai rufe ba sai mai ita ya gwada.

"Ungo, samari, kai masa ya zura kai, ka dawo min da ita."

Yaya ya saɓa ta a kafaɗa, allura soke a wuyan, zare na lilo. Ba mu sani ba, ashe a garin riga ba ta fita daga zaure da allura a jiki sai in sato ta aka yi. Dattijon ma mantawa ya yi.

Muna isa rumfar masu bugu, inda ake dukan shadda da gudumar icce don ta yi sheƙi, wani ƙato ya miƙe.

"Kai! Ina za ka da rigar Malam?"

"Shi ya ba ni."

"Da allurar ya ba ka? Ɓarawo!"

Yaya har murmushi ya fara, zai yi bayani. Gudumar ta sauka a kafaɗarsa. Na ji ƙarar ƙashin, wallahi na ji. Ya faɗi, ya kare kai da hannu, suka sauke wa hannun. Mutane suka ɓullo ta ko'ina, wani da sanda, wani da bulo. Ina ihu, "Yayana ne! Aiko mu aka yi!" Wata mata ta fizge min hijabi ta ce ai tare muke. Wani ya fara tambayar ina mai fetur.

Na kwasa da gudu. Lungunan duk iri ɗaya, sau biyu ina faɗawa gidan mutane. Da na samu zauren, sai na kama hannun dattijon ina ja. Ya biyo ni ba takalmi.

Da muka isa rumfar, ya yi ta ɗaga murya, "Ni na ba shi! Ku ji tsoron Allah!" Ba wanda ya ji. Sai kawai ya kutsa ya kwanta a kan Yaya. Sanda ɗaya ta same shi a baya kafin su gane wa suke duka.

Suka ja da baya. Jini na bin kunnen Yaya, ido ɗaya ya rufe. Na kara kunnena a bakinsa, na daɗe kafin na ji numfashi.

Ƙaton da ya fara dukan shi ya goyo shi zuwa mota, yana ta ce min, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, an mana sata sau biyu." Ban iya kallonsa ba.

Yaya ya rayu. Yatsun damansa ba sa lanƙwasuwa. Da hagu yake cin tuwo yanzu, a ɗakinsa, ƙofa a rufe.