Ɗan Dako a Ɗakin Karatunmu

Ƙafafu na fara gani. Na shigo gidan kafinta da allona a hammata, sai na tarar an fitar da tabarminmu ƙarƙashin tsamiya, ga tafin ƙafa biyu sun leƙo daga ƙofar ɗakin da muke karatu. Duk sun tsage, ƙuda na bin su.

A Garwa ne, zamanin Jamus. Makarantar bariki ta maza ce. Mu 'yan mata shida, matar kafinta ke koya mana boko da ɗinki a gidanta, kusa da bakin kogin Binuwai. Ita da mijinta Kiristoci ne daga bakin teku. Mama muke ce mata.

Mai ƙafafun ɗan dako ne, ayarin da ya kawo wa bariki kaya daga kudu ya yar da shi. Haka ake yi a lokacin. Kowane ɗan dako yana da lambar ƙarfe a wuya, da ita ake ba shi gero. In ciwo ya kwantar da shi, madugu ya cire lambar, a raba kayansa, a wuce. Wannan ya kwana biyu a bakin hanya atini na cin sa, ba mai jin yarensa. Mama ta je ɗebo ruwa ta gan shi. Ita da mijinta suka ɗauko shi a kan ƙyauren da bai gama sassaƙawa ba.

Da hantsi akawun bariki ya zo, tafinta na bin bayansa. Na san su. Kowace Lahadi a gidan suke taruwa, akawun ne ke karanta musu Littafi, da tabarau da farar kwala, yana jan murya kamar shi ya rubuta. Ran nan bai wuce bakin zaure ba. Ya toshe hanci da hankici, ya ɗage ƙafar wandonsa da yatsu biyu. Da Hausa ya yi magana, ba da yarensu na bakin teku ba, don mu ji mu kai gida.

"Uwargida, wannan na gwamnati ne. Ki mayar da shi inda kika samo shi."

"Na gwamnati yana da lamba," in ji Mama. "Shigo ka duba wuyansa."

Bai shigo ba.

"Bature zai ji. Mijinki a bariki yake aiki, ko kin manta?"

"Kai ka karanta mana da bakinka. An ce a karɓi baƙo, a duba marar lafiya. An ce wanda ya yi, Ubangiji ya yi wa."

"Wannan ai misali ne."

"To ga misalin can a kwance, kunu yake so."

Tafinta ya soma dariya. Akawu ya juyo, sai dariyar ta koma tari.

Ba ga Bature akawun ya tafi ba, tsoron fuskarsa yake ji. Gidajenmu ya bi ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa iyayenmu annoba ce a gidan kafinta. Taron Lahadi kuma ya mayar da shi gidansa, inda ba wari. Sun ci gaba da waƙoƙinsu, har daga kasuwa ana jin muryarsa sama da ta kowa.

Aka janye mu duka. Ni a lokacin na kai inda nake haɗa baƙi uku su zama kalma, kuma babu wani a garin da zai koya wa yarinya sauran. Na ɗauka Mama za ta fitar da mutumin don mu dawo. Ba ta fitar ba, ba ta kuma je roƙon kowa ba. Kullum sai ta shimfiɗa tabarmi shida a ƙarƙashin tsamiya, ta tafi kogi da tsummokinsa.

Ta bayan gidan nake bi in zan kai wa babana abinci a mahauta, ina leƙe ta ramin zana. Rana ta biyar na ga ɗan dakon zaune. Ya riƙe ƙoƙo da hannu biyu, yana sha yana shafa wuyansa inda igiyar lambar ta bar zane. Ƙashin kafaɗarsa kamar zai huda fata.

Ban taɓa soma yi wa babana magana ba, sai in ya tambaye ni. Na ajiye kwanon, na tsaya har ya gama sare ƙafar wani bijimi da gatari.

"Me kike jira?"

"Baba," na ce, ina kallon gatarin, "ba annoba ba ce, na gan shi ya tashi. Ka bar ni in koma. In ba za ka bari ba, ka ba ni ƙashin nan in miƙa wa Mama ta yi masa romo."