Ranar da Na Fassara "Da Sauƙi"

Har yau ban manta da Talatar da bakina ya kusa kwantar da Hajiya Rabi a titi ba. Ina ba ku labarin ne, ku ƙannena da kuka shigo aikin tafinta bayanmu, domin kuskuren ba na rashin iya Sinanci ba ne. Sinancina na ranar nan ko malamina ba zai ga aibunsa ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina shekara ta uku a jami'a a Guangzhou, ina karatun harshe da adabi. Ranakun da ba ni da aji nakan yi tafinta a wani ofishin aika kaya a titin Huanshi, na Alhaji Ɗanlami, mutumin zangon Kumasi. Aikina in raka 'yan kasuwa sari, in cike takardun kaya, in kuma kai asibiti duk wanda ciwo ya kama. Lokacin ba mu da yawa a garin. In ka ji Hausa a titi sai ka waiwaya kamar sunanka aka kira.

Hajiya Rabi Bakanuwa ce, kayan yara take saro. Muna cinikin safa a kasuwar Shisanhang jiri ya kayar da ita. Ta yi mako a asibiti, aka yi gwaje-gwaje, wata likita mai suna Dakta Liang ta faɗi sakamakon, ni na juya shi zuwa Hausa: tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Hajiya ta yi salati a hankali, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ya tsaya a ɗakin nan."

Ga yadda tsarin yake a wancan zamani. Baƙon da aka samu da wannan cuta ba ya ci gaba da zama a ƙasar, wa'adin fita ake ba shi. Kujerar jirgin da muka samar wa Hajiya sai bayan kwana tara. A bayan asibitin kuma akwai wasu 'yan ɗakuna da hukumar lafiya ta birni ke ɗaukar nauyinsu, domin wanda aka gama yi wa abin da za a iya, amma ba shi da wurin zuwa, ba shi kuma da ƙarfin kula da kansa. Ba a ba kowa sai likita ya rubuta cewa jikin ya kai haka. Da safiyar Talatar nan ban san da ɗakunan ba.

Dakta Liang ta shigo da takarda a hannu, ta ce in tambayi Hajiya yadda take ji.

"Hajiya, likita na tambaya, yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Da sauƙi sosai."

Na juya shi yadda yake, har da "sosai" ɗin. Na tuna har wani daɗi na ji, jimlar ta fito sumul. Likita ta ɗan dube ta, ta duba takardar, ta buga jan hatimi. Kafin ƙarfe goma an sallame mu.

Otal ɗin da Hajiya ta sauka tuni ya ba wani ɗakinta, domin lokacin babban baje koli ne, gari ya cika. A wancan lokacin kuma ba kowane masauki ke da izinin karɓar baƙon waje ba. Ɗakin kwananmu na ɗalibai ko ƙanwar mutum ba a bari ta kwana. Na kai ta ofis na zaunar da ita kan dilolin kayanta.

Alhaji Ɗanlami ya leƙo. Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne.

"Malama Sinanci, mene ne haka? Hajiya ba shi da lafiya, kai ka kawo shi ya hau kaya kamar kwali?"

"Zazzaɓi ne da tari, Alhaji. Masauki nake nema mata."

"Gidana maza shida ne a ɗaki biyu, ɗaya ma a baranda yake munshari. Ka je ka nema, ni zan duba shi."

Na bi titin Huanshi daga wannan kai zuwa wancan. Ana yayyafi mai ɗumi, irin wanda ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya tsuma shi. Duk teburin da na tsaya, kalma ɗaya ce: "Meyo." Babu. Wani ma bai ɗago kai daga jaridarsa ba. A otal na biyar na samu ɗaki a hawa na shida, ba abin hawa sai matakala. Na tsaya ina kallon matakalar, na tuna yadda na ɗauko Hajiya daga tasi tana rataye a kafaɗata kamar rigar da aka wanke. Na fito. Ƙafata na tafiya, zuciyata na gaba da ita, ban san inda ɗayarsu ta nufa ba.

Bayan azahar na koma asibiti, ko za su bar ta ta kwana ko a benci ne. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ta faɗa mini zancen ɗakunan. Ta ce akwai ɗaya babu kowa.

"Amma ai ta ce ta samu lafiya," in ji ta. "Ke kika faɗa, ina wurin."

Na samu Dakta Liang na ce mata kuskure aka yi. Ta ce ma'aikacin hukuma zai zo karɓar takardun ranar da ƙarfe biyar. In mara lafiya ta dawo kafin nan ta faɗi gaskiyar jikinta, za ta sake takarda. "Amma ba zan rubuta abin da ban ji daga gare ta ba," in ji ta.

Na koma ofis da gudu. Na tarar da Hajiya ta jingina da dila, shayin da Alhaji ya kawo mata ya huce a gefenta. Na durƙusa na yi mata bayani a hankali, na ce in likita ta sake tambaya, ta ce babu sauƙi.

Ta buɗe ido. "Karatun nan ya fara taɓa ki ne? Ina numfashi, ina gane lokacin salla, in buɗe baki in ce babu sauƙi? Ƙarar wa zan kai?"

"Hajiya, ɗaki ne. Kwana tara."

"Ɗakin da sai na yi wa Ubangiji butulci zan shige shi, a bar musu kayansu. Dilolin nan ma da taushi."

"Ba za a bar ki ki kwana a nan ba. Da magariba ake rufe ginin."

"To Allah bai rufe nasa ba."

Na san ba zan ci wannan gardamar ba. Na roƙe ta dai ta raka ni, ta ce saboda ni za ta je. A cikin tasi ina kallon agogo, ina juya maganarta, sai na ga inda na ɓata. "Yaya jiki" a wurinmu gaisuwa ce, amsarta guda ɗaya ce tun kaka da kakanni. Likita tambaya ta yi, ni na mayar da ita gaisuwa, na kuma kawo mata amsar gaisuwa a matsayin rahoto.

Ƙarfe huɗu ta wuce muka shiga. Na roƙi likita kada ta tambayi yadda take ji, ta tambayi abin da ta yi. Ta amince.

"Hajiya, me kika ci tun jiya?"

"Shayi."

"Kofi nawa?"

"Rabi. Kamar sunana."

"Daga ƙofar asibiti zuwa nan, sau nawa kika tsaya?"

"Ke ba ki ƙirga ba? Uku."

Tambaya ta ƙarshe ni na ba likita shawararta, bayan na yi mata bayanin yadda muke salla. "Azahar ɗin yau, a tsaye kika yi ko a zaune?"

Wannan ba tambayar da ake rufewa da alhamdu lillahi ba ce, ba kuma wadda Hajiya za ta yi ƙarya a kanta ba.

"A kishingiɗe," in ji ta. "Tun shekaranjiya."

Na fassara. Dakta Liang ta jawo takardar safe ta ninke ta, ta ɗauko sabuwa. Tana rubutu ta tambaye ni, to me ya sa Hajiya ta ce da sauƙi? Na ce haka ake koya mana, mutum ba ya kukan abin da Allah ya ɗora masa. Sai ta ce mahaifiyarta ma, a ƙauyensu, "ba komai" take cewa har ranar da aka ɗauko ta zuwa asibiti kwance a kan ƙyauren ƙofa. Ta buga hatimin, saura minti kaɗan ma'aikacin ya iso.

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, taga ɗaya, a bayanta wata babbar bishiya mai saiwoyi a rataye kamar gemun tsoho. Na kwantar da Hajiya na cire mata takalmi. Ta dubi bangon nan huɗu ta ce, "Ina gabas?" Alƙibla take nufi. Na nuna mata inda rana ke gangarawa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Oh, ni Rabi! Na zo ƙasar da gabas take yamma."

A ɗakin nan ta yi kwana taran, ta hau jirgi, kayanta suka bi ta. Alhaji Ɗanlami bai taɓa tambayata sunan ciwon ba, ni ma ban faɗa ba. Sunan da na ba ku ma ba nata ba ne, sai dai ya yi kama da shi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, taimakon hukuma yana jiran wanda zai faɗi ciwonsa ne, mu kuwa an rene mu a kan rufe shi. Tsakanin waɗannan biyu mutum yana iya rasa wurin kwana, alhali ɗaki na nan babu kowa. A nan aikinku yake. In kuka raka namu gaban likita ko gaban kowane teburi, kada ku tilasta masa ya yi kuka, ba zai yi ba. Ku nemo tambayar da zai iya amsawa ba tare da ya zubar da kansa ba, ita za ku kai.