Watan da Zulaiha ta Ɓoye

Zulaiha 'yar Kahu ce, amma Rano aka kai ta, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a wani gidan haya bayan kasuwa. Lokacin bikinsu mijinta Uzairu yana aiki a wata masaƙa a Kano, duk Asabar yana dawowa da burodi a hammata. Ba su shekara ba aka rufe masaƙar. Shekarun nan ne da 'yan siyasa suka cika bango da hotunansu, kowa yana alkawarin buɗe masana'antu, ƙofofin kuwa suna ta tsatsa.

Zaman gida bai karɓi Uzairu ba. Mutumin da kunnensa ya saba da rugugin inji, shiru ciwo ne a gare shi. Ya kwance keken ɗinkinta ya ɗaura, ya sake kwancewa, alhali keken lafiyarsa ƙalau. Ya fita tasha ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa ƙafa, ya sake fita.

Ita kuwa ta koyi jan abu ya kai. Sabulu da zare take yanka shi. Tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ƙanzon ma a jiƙa a yi kwaɗo. Batirin rediyo a rana suke shanya shi ko ya ƙara kwana. Kwano ɗaya suke ci, har matan gidan suna yi mata tsiya wai amarci ya ƙi ƙarewa. Ba su san in aka raba tuwon nan gida biyu ƙanƙantarsa za ta fito fili ba, kuma Uzairu zai ce ya ƙoshi tun bai sa hannu ba. A kwano ɗaya tana tura masa loma a sace, shi ma yana turo mata, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Ana cikin haka ciki ya zo. Cikin fari kuwa kowa ya san ƙa'idarsa: in ya kai wata bakwai sai a zo a ɗauki yarinya goyon ciki, ta haihu a gaban iyayenta, ta yi wankan jego, sai an yi arba'in a fara zancen komawa. Zulaiha ba tafiyar take tsoro ba. Wata rana tana shanya a jikin katanga ta ji Uzairu yana cewa Jabiru, abokinsa direban babbar mota, "Da zarar an zo an tafi da ita, ka ajiye mini wuri. Legas zan bi ka."

Ta san wannan tafiyar. Mijin Ramlatu maƙwabciyarta wata biyu ya ce zai yi; yaron da aka haifa bayansa yanzu yana guje-guje a tsakar gida, bai san fuskar ubansa ba.

Sai ta ɓoye watan. Kunya ta taimake ta, don cikin fari ba a maganarsa da manya. Duk wanda aka aiko daga Kahu ya yi tambaya, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsu. Hijabi ma ya taimake ta, zamanin da ya koma har ƙasa. Amma barci ya ƙaurace mata. Ƙarar kowace mota sai ta kasa kunne, ta rasa ko daga gida aka zo ko Jabiru ne. Gida ya zama na masu zirga-zirga biyu, shi a ƙofa, ita tsakanin murhu da randa.

Ranar wata kasuwa kakarta Dije ta yi sallama da sandarta, ba aike ba sanarwa. Ta dubi tafiyar Zulaiha daga rumfa zuwa tabarma, ta riƙe haɓa.

"Ke ja'ira! Wata nawa kika haɗiye? Wannan ai ya wuce bakwai, ya kusa yi mana sallama." Ta juya kan Uzairu, wanda dama abokin wasanta ne. "Kai kuma angona, injiniyan zaman banza, ita ma kwance ta za ka yi ka ɗaura? Haɗa mata kaya."

Uzairu ya yi dariyar yaƙe. "Tsohuwa, ai ke nake jira ki rage mini baki ɗaya."

"Ba inda zan je," in ji Zulaiha.

Tunda aka haife ta ba ta taɓa musu da babba ba. Idonta a ƙasa, ta ci gaba. "In na fita ta nan, shi ma ta can zai fita. Na ji ku da Jabiru, Malam."

Uzairu ya daina kaɗa ƙafa. "To me zan zauna in yi, Zulai? In ci gaba da gadin keken ɗinki? Ragon suna daga sama zai faɗo?"

"Dawa ta nuna a Unguwar Gai, nan kusa da garinmu. Kawu Alu kullum kukansa ba masu yanka."

"Ƙwadago? A ƙarƙashin hancin surukaina? Kowa ya gan ni da lauje?"

"A Legas ba wanda zai gan ka. Har ni."

Tsohuwa ta ɓare goro. Uzairu ya fita. Suna jin takunsa a zaure, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Zulaiha ba ta taɓa ko ɗankwali ba balle ta ɗaure kaya. Can ya leƙo, bai shigo ba.

"Zan bi ku in yi yankan dawar, amma zuwa suna," ya ce. "Daga nan ban yi alkawari ba."

"Zuwa arba'in."

"Zulai."

"Arba'in, Malam. A gaban Kaka."

Dije ta tofar da goro. "Ni shaida ce. In ka gudu, har Legas ɗin zan bi ka da sandar nan."

Ya jingina kansa da ƙyaure, sannan ya ce arba'in. Zulaiha ta san bayan arba'in ɗin zancen zai sake tashi, kuma ba ta san me za ta riƙe shi da shi ba a lokacin. Ta dafa bango ta miƙe, ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado.