Keken da Ba Ya Fita Sai Ƙarfe Tara

Noel Petrakis ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran injin kwale-kwalen masunta a Merrin Point kafin ciwon suga ya ci ƙafarsa ta dama. Bayan shekara biyu ya dawo ya ɗauke ta hagu. Mutum ne mai adana takarda. A ɗakinsa akwai jadawalin kawowa da janyewar ruwan teku na shekara talatin, jere a kan kanta, kowanne da rana guda da ya zagaye da jan biro.

Ranar nan ita ce wadda teku ke janyewa fiye da kullum, har wani faffaɗan dutse da ke kusan kilomita ɗaya daga gaɓa ya fito fili na minti hamsin. A kan dutsen ya nemi auren Glenys, a kansa kuma ya watsa tokar gawarta. Duk shekara yakan taka ya je da fulas ɗin shayi, ya zauna ya ba ta labarin gari. Tun da ya koma kan keken guragu, ranar ta wuce shi sau uku, domin siraran tayoyin kekensa nutsewa suke yi a yashi.

Sai hukumar gandun teku, wadda gaɓar ke hannunta, ta sayo keke mai manyan tayoyi kamar balan-balan, wanda ke bin yashi da taɓo. Aka yi biki. Aka ɗora Noel a kai aka ɗauke shi hoto, aka manna a bangon ofis da rubutu a ƙasa: "Teku ta kowa ce." Ranar har da ƙwalla ya yi.

Da ya koma gida ya karanta fom ɗin aro, sai ya ga ana ba da keken daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma, ba ya kwana a waje. Shi kuwa dutsen, bana ƙarfe shida da minti goma sha biyu na safe zai fito. Kafin tara ruwa ya shanye shi har tsayin mutum biyu.

Wasiƙa bakwai ya rubuta daga Maris zuwa Agusta, kowacce da kwafin jadawalin a maƙale. An amsa uku, da kalmomi iri ɗaya: an gode, ana duba lamarin. Ya sa 'yarsa Narelle ta tura shi har ofis wurin Tamsin Ockley, jami'ar da makullin ke hannunta.

"Mista Petrakis, ni fa ba ni na tsara ba," in ji ta. "Babu ma'aikaci a nan kafin tara."

"To ku rubuta wa teku wasiƙa, ta jira ku ku gama karin kumallo."

"Akwai janyewar ruwa da rana ma. Ranar Alhamis, misali."

"'Yar nan, ranar Alhamis dutsen yana ƙarƙashin ruwa. Ke ce mai gadin teku, ni ne zan koya miki karatun jadawali?"

Ta ce za ta sake kai maganar sama. Ya dubi hotonsa a bango.

Ranar sha takwas ga Satumba, ƙarfe uku da rabi na yamma, ya sa hannu ya ari keken. Bai mayar ba. Washegari da sassafe Narelle da Wal Dunstan, tsohon masunci abokinsa, suka tura shi cikin taɓon, ƙananan ƙaguwa suna tarwatsewa a gabansu.

"Kai, an ce an rage maka ƙafa biyu," in ji Wal yana haki, "amma nauyin nan bai ji labari ba."

"Tura, tsoho. Injinka da na yi shekara ashirin ina lallaɓawa ma bai yi wannan ƙorafin ba."

"Baba, riƙe fulas ɗin da kyau," in ji Narelle.

Sun isa shida da kwata. Suka ja baya suka bar shi shi kaɗai. Minti talatin da biyar ya yi a wurin. Abin da ya faɗa wa Glenys, babu wanda ya tambaye shi.

Ƙarfe tara daidai keken yana ƙofar ofis, an wanke shi da ruwan famfo, an shafa wa gindin tayoyin mai, abin da ba a taɓa yi masa ba tun da aka sayo shi.

Wannan karon amsa ba ta ɗauki lokaci ba. Ranar talatin ga Satumba wasiƙa ta iso: saboda karya ƙa'idar aro, an hana shi keken wata goma sha biyu daga ranar da aka rubuta ta. Noel ya ɗauko jadawalin baɗi ya duba. Tara ga Satumba, shida saura minti takwas. Ranar ta faɗa cikin hanin, saura mako uku ya ƙare. Likita kuwa ya riga ya gaya masa yadda ƙodarsa take, bai yi masa alkawarin wata shekarar bayan baɗin ba.

Wal ya ce shi zai ara da sunansa, ai gwiwarsa ma tana ciwo.

"Ba zan je wurin matata a sace sau biyu ba," in ji Noel.

Ya sa Narelle ta kai shi ofis. Tamsin ta miƙe, ta fara cewa ba ita ta sa hannu ba. Ya ce ya sani, ba wurinta ya zo ba. Ya nuna bango.

"Wancan mutumin kun hana shi keke. Sauke shi."

Ta cire hoton ta ba shi. Ya kife shi a cinya, ya zaro wasiƙa ta takwas, ta neman a ba shi keken ranar dutsen baɗi, ya ajiye a tebur, ya ce ta buga masa hatimi a kwafinsa, ta rubuta kwanan wata da lokaci. Ta rubuta: ƙarfe tara da minti huɗu.