Katin da Na Ce Nasa Ne

Ban san dokokin wasan besbol ba, har yau kuma ban damu in sani ba. Katunan 'yan wasan Japan nake tarawa. Abin ya kama ni ne a wata rumfar tsofaffin kaya a unguwar Liwan, shekarata ta biyu a Guangzhou ina sarin wandunan jins. Danshin garin nan yana cin takarda, don haka a gwangwanin shayi nake ɓoye su, tare da 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi.

Akwai wanda na fi so, tsoho ƙwarai, zagayayye kamar murfin kofi. Wajen bugawa jan launin ya goce, ya bar hular ɗan wasan ya zauna a kunnensa. Wata takwas ina zarya kafin tsohon nan mai rumfar ya daina ce min "meyo", wato babu, ya fito min da shi.

Wata Juma'a aminina ya biyo ni gida cin shinkafa. Unguwarmu ɗaya a Kano. Ni na tarbo shi a filin jirgi, ni na kai shi masana'antar da ke min ɗinki a Xintang. Rawar kai ta sa na buɗe masa gwangwanin.

"Kai, mutumina, wannan ya yi kyau," in ji shi.

"Ai naka ne," na ce.

Kowa ya san amsar wannan. Ka yi godiya, ka ce Allah ya bar zumunci, ka ajiye wa mutum kayansa. Shi ma ya sani sarai. Sai ya ce, "To, na gode," ya zura a aljihun gaba. Na bi aljihun nan da kallo har ya sa takalmi ya fita. Ina ni da gemuna ina cewa a dawo min da kyauta, kyautar ma ta kati?

Na yi ta ba shi uzuri a raina, na ce ƙila 'yarsa zai kai wa.

Bayan mako uku na je Xintang duba kayana, ana gab da baje kolin Pazhou, kowa na rububin a fara masa ɗinki. Mai masana'antar, wanda ake ce wa lawban, wato maigida, ya ce nawa sai wata mai zuwa, an sa na aminina a gaba. Yana zuba min shayi na hango katina a teburinsa, cikin gilashi. Da bakina na taɓa gaya wa aminin nawa cewa lawban mayen besbol ne.

"Ɗan'uwanka mutumin kirki," in ji lawban da guntun Turancinsa. "Daga Japan ya sa aka nemo min."

Raina ya ɓaci. Ba layin ɗinkin ne ya fi yi min ciwo ba, sanin da na yi ne cewa tun yana tauna shinkafata ya gama shirinsa.

Lawban ya ga na ƙura wa katin ido. Ya miƙo min shi da hannu biyu, ya ce in duba, amma in riƙe a hankali.